Man Kolmani da giwayen Yankari

Ranar da Buhari ya je Kolmani ya ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamban 2022, har da ni a masu murna, ba zan ɓoye ba. Ganga sama da biliyan ɗaya aka ce tana kwance tsakanin Bauchi da Gombe. Wa zai ƙi? Mun gaji da gorin da ake mana cewa man wasu muke ci.

Sai dai rijiyar nan a ƙaramar hukumar Alƙaleri take, kuma a nan Yankari yake. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 da aka keɓe tun 1956, yana cikin wurare ƙalilan da suka rage a Najeriya da za ka ga garken giwaye a sake. In rani ya tsananta, giwa da ɓauna da gwanki duk Kogin Gaji suke gangarowa. Ka gurɓata ruwan nan, ka gama da su ba tare da ka harba bindiga ba.

Zuwana na ƙarshe, na tsaya a ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, har ƙirji ina ganin yatsun ƙafata a kan yashi, ɗuminsa ɗaya dare da rana. Gwaggon biri kuwa ya tafi da ledar burodina, na yafe masa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne hanyar dawowa: buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Kirya ce da marke, itatuwan da suka girmi mai sayar da su. Ban ga laifinsa ba, Allah ya sani. Gas ya fi ƙarfin talaka, damina ta zama ba tabbas, bana ambaliya baɗi fari, gona ta daina ciyar da gida. To amma daji da ke fama da gatari da makiyaya da mafarauta, a ƙara masa titunan manyan motoci da bututu da wutar iskar gas?

Masu cewa ai ci gaba ne, ku tambayi Ogoni, mutanen Neja Delta da haƙar mai ta gurɓata musu ƙasa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasarsu zai iya cin shekara 25 zuwa 30. In kun ce can Kudu ne, ga Zamfara: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, a cikin gidajen iyayensu ake daka dutsen.

Ni ban ce kar a haƙa ba. Tun ran gini tun ran zane. Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ta ja iyakar da injin haƙa ba zai tsallaka ba, a rubuce. A fassara rahoton tasirin aikin ga muhalli zuwa Hausa, a karanta shi a ƙofar fadar hakimai. A auna ruwan Gaji da rijiyoyin ƙauyuka yanzu, a ajiye sakamakon, don kar gobe kamfani ya ce da ma haka ya same su.

'Yan majalisarmu na Alƙaleri, waye a cikinku ya taɓa tayar da wannan maganar a zaure?