Gyaran gari bai kai lungunan Rigasa ba

Malam mai rahoto kan gyaran gari, ka ce idan aka ƙawata tsakiyar gari, amfanin zai gangaro wa talaka da kansa. Gaskiya ban yarda da wannan ba.

Mu ɗauki Kaduna. Tun da gwamnatin El-Rufai ta ƙaddamar da aikin sabunta birni a 2019, an yi gadar Kawo, an gyara dandalin Murtala, tituna sun yi faɗi. Aiki ya yi kyau, Allah ne shaida. Amma ka shiga lungunan Rigasa ko Tudun Wada da damina, ka ga kwata tana malala har ƙofar gida, yara na bin mai ruwa da jarka. Da aka rushe Kasuwar Barci, mai ɗan tebur na gwanjo ina ya ga kuɗin sabon shago? Kuma da zarar titi ya biyo unguwa, mai gida ya ƙara haya, wanda aka ce domin shi aka yi aikin ya tattara ya koma bayan gari.

A fara da magudanar ruwa, famfo da asibitin unguwa, a kuma ware wa tsofaffin 'yan kasuwa rumfunan da za su iya biya.