Mun je ziyara Kaulaha, yarana suka ga teku

Shekaranjiya na saka wani tsohon hoto, ni da iyalina a kan tudun rairayi, sai wani abokina ya rubuto cewa yawon buɗe ido da mata da yara aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ban ji haushinsa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa zan amsa a fili.

Sau biyu na je ziyara Kaulaha, a ƙasar Sanagal, inda kabarin Shehu Ibrahim Inyass yake a Madina Baye, duk ni kaɗai tare da 'yan zawiyarmu. Da na fara shirin zuwa na uku sai uwargida ta ce, "Malam, kullum kai ne a hanya, mu sai tsaraba da labari. Yaran nan ko babban kogi ba su taɓa gani ba." Na rasa amsar da zan ba ta. Na ɗage tafiyar shekara guda, na shiga adashe, ita ma ta sayar da tumakinta biyu, muka tashi mu biyar a Disambar 2019. Biza ba ta ba mu wahala ba, tunda Sanagal tana cikin ECOWAS.

Kwana uku muka yi a Madina Baye, muka yi abin da ya kawo mu. Sauran kwanakin muka ba yara.

Mun fara da Tafkin Retba, wajen kilomita 35 daga Dakar, wanda ruwansa ke yin ja-ja da rani saboda wata irin gansakuka mai son gishiri. Abin da ya ɗauke hankalin babban ɗana shi ne masu haƙar gishiri. Mutum ya shiga ruwa har ƙirji da sanda da kwando, yana farfasa gishirin da ya kwanta a ƙasa yana lodawa a kwalekwale, mata kuma suna kwashewa a kai zuwa gaɓa, inda aka tara shi tsibi-tsibi. Kafin su shiga sai sun shafe jiki da man kaɗanya, kada gishiri ya cinye musu fata. Yaron ya kalli uwarsa ya ce, "Umma, ai irin man da kike shafa mana ne da hunturu." Tun daga ranar bai ƙara yi wa mai sana'ar ƙarfi kallon banza ba, kuma ni shaida ne.

Tsakanin tafkin da Tekun Atlantika tuddan yashi ne. Wata tsohuwar mota mai taya huɗu ta hau da mu, ta gangara, ta sake hawa, sai ga teku. 'Yar autarmu, tana da shekara biyar a lokacin, ta ƙanƙame hannuna ta ce, "Baba, ina ɗaya gefen?" Na ce babu ganinsa daga nan. Ta yi shiru ta daɗe tana kallo, sannan ta ce Subhanallahi, ba wanda ya ce ta faɗa. Na shekara nawa ina karanta musu ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi halitta, ban taɓa ganin sun shige su kamar a wannan minti ba.

Daga nan muka nufi Lomful, wata 'yar hamada a hanyar Sanluwi. Ba ta da girma, amma tuddanta dogaye ne, yashin kuma ja ne mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. A tanti muka kwana. Yara suka hau raƙumi, suka yi ta sulu daga saman tudu har yashi ya cika musu kunne da aljihu. Da dare sanyi ya sauko sosai, aka kawo mana shinkafa da kifi irin dahuwarsu da zoɓo, muka yi sallar isha a kan rairayi, ni a gaba su a baya. Uwargida, wadda ban san rabon da in ga dariyarta haka ba, ita ta fara cire takalmi ta ruga saman tudu. Shekara goma sha shida muna tare a lokacin, amma ban san tana da wannan hali ba, don ban taɓa kai ta inda zai fito ba. Wannan shi ya fi taɓa ni a duk tafiyar. Yanzu ma aikin haƙar ma'adinai a yashin wannan gaɓa ya ci wani ɓangare na wurin, abin da ya sa nake ƙara godiya da ba mu jinkirta ba.

Mai niyyar zuwa ya kiyaye abu ɗaya: tekun arewacin Dakar yana da ƙarfin igiya, yana janye mutum. Mu a can ƙafa kawai muka tsoma. Wanka sai da muka je Sali, kudu da Dakar, inda ruwan ya fi kwanciya, a nan ma idona bai bar kansu ba.

Na san halin da ake ciki. Wanda ke neman na cefane ba za a yi masa zancen jirgi ba, kuma ba da shi nake ba. Ina magana ne da mu da ke iya zuwa Umara duk shekara, mu je Dubai sari, mu je biki Abuja, amma matanmu da 'ya'yanmu iyakarsu gidan suna da asibiti. Kuɗin da ake kashewa a dinar biki ɗaya ya isa a kai iyali wani wuri. Kuma ba dole sai an tsallaka ƙasa ba. Tuddan rairayi na Tulo-Tulo suna nan a Yusufari ta jihar Yobe, Yankari tana Bauci da ruwan ɗumi na Wikki, bakin teku yana Badagiri.

Abokina, kai ma ka je Kaulaha sau huɗu, na sani. Idan Allah ya nufe ka da na biyar, ka tambayi Hajiya ko tana son zuwa.