Gasar fitar da littafin da ya yi kwantai

Akwai wata al'ada da ake samu a tsakanin wasu masu ƙananan shagunan littattafai a Amurka da Birtaniya, kuma ina ganin ta cancanci a tsaya a yi magana a kanta. Masu shago biyu ko fiye, waɗanda ke cin gashin kansu ba tare da jingina da wani babban kamfani ba, sukan shirya su ɗauki littafin da suka karanta suka gamsu da ingancinsa amma kasuwa ta juya masa baya, su sa wa'adi, sannan kowa ya zage damtse a ga wanda zai fi sayar da shi. Wani lokaci littafi ɗaya ake tsayarwa, wani lokaci kuma kowa da gwaninsa. Idan wa'adin ya cika, wani kaso na cinikin, ko kuɗin da wanda aka kayar ya yi alkawari, sai a miƙa shi ga aikin agaji. Kafin ranar kuwa ana ta tsokanar juna a shafukan sada zumunta, irin ta Kanawa da Zazzagawa, ba gaba ba ƙiyayya.

Ni ina goyon bayan wannan gasa, amma dalilina ba sadakar ba ce da farko. Dalilina shi ne yadda littafi ke mutuwa a waccan kasuwa.

A ƙasashen biyu, yawancin sababbin littattafai ana sarinsu ne bisa sharaɗin cewa abin da bai fita ba mai shago zai iya mayar wa kamfanin ɗab'i. Tsarin yana da amfani, domin yana ba ƙaramin ɗan kasuwa ƙarfin gwiwar ɗaukar littafin marubucin da ba a sani ba. Sai dai yana da wata illa da ba kasafai mai karatu ke lura da ita ba. Kantar shago ba ta da faɗi, sababbin littattafai kuma suna shigowa kowane mako, don haka littafin da ya yi 'yan watanni ba wanda ya taɓa shi, kwali ake nema a zuba shi a mayar. Daga nan wasu a karyar da farashinsu, wasu a niƙe su a sake yin takarda. Ba wani alƙali da ya zauna ya yanke cewa littafin ba shi da kyau. Abin da ya faru kawai shi ne ya fito a lokacin da hankalin jama'a ke wani wuri, ko kamfanin ya zuba kuɗin tallarsa a kan wani littafin, ko bangon da aka yi masa bai ja ido ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Stoner, ƙagaggen labarin da John Williams ya fitar a Amurka a 1965. Bai kai kwafi 2,000 ba aka daina buga shi, kuma marubucin ya rasu a 1994 ba tare da ya ga littafin ya yi kasuwa ba. Bayan an sake buga shi, an kuma fassara shi zuwa Faransanci a 2011, sai ya kama sayuwa a Turai kamar sabo, har Waterstones, babban kamfanin shagunan littattafai na Birtaniya, ya zaɓe shi littafin shekara a 2013. Labarin da aka ƙi saye a 1965 shi ne dai aka yi rububinsa bayan shekara kusan 50. Abin da ya sauya shi ne an samu mutanen da suka karanta shi suka riƙa cewa wasu su karanta.

A nan ne mai ƙaramin shago ya fi kowa. Ba zai iya karawa da Amazon a farashi ba, kuma ya daɗe da sanin haka. A Birtaniya akwai yarjejeniyar da ta hana karya farashin littafi tun 1900, ta rushe a 1995, shekarar da Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet. A waccan shekara ƙungiyar masu sayar da littattafai ta Birtaniya da Ireland tana da shaguna masu zaman kansu 1,894. Zuwa 2016 sun koma 867, kafin su sake haura 1,000 daga baya. Faransa ta bi wata hanya daban, domin dokarta ta 1981 ba ta yarda a yi ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100 a kan sabon littafi ba, kuma wannan na cikin abin da ya tsare ƙananan shagunanta. To wanda ba shi da irin wannan kariya, me ya rage masa? Bakinsa da amanarsa. Mutum ya shigo yana cewa yana neman abin da zai ba mahaifiyarsa da ke jinya, mai shago ya yi masa tambaya biyu ko uku, ya zagaya bayan kanta ya ɗauko wani siririn littafi da ya yi shekara goma da fitowa, ya ɗora masa a hannu ya ce, “Wannan za ka kai mata.” Manhajar kwamfuta tana nuna maka abin da mutane da yawa suka riga suka saya, shi ya sa take ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Mai shago shi ne zai iya nuna maka abin da ba wanda ya saya.

Gasar tana ƙara wa wannan aiki abu ɗaya da yake rasa a ranakun yau da kullum, wato wa'adi da abokin karawa. Mai shagon da ke son wani littafi yakan ambace shi idan magana ta kawo. Amma idan ya san takwaransa na wani gari ya sayar da kwafi goma jiya, zai sauko da littafin daga saman kanta ya jera shi kusa da inda ake biyan kuɗi, ya rubuta 'yar takarda da hannunsa ya liƙa, ya sa yaran shago su karanta shi domin su ma su iya magana a kansa. Kamfanin ɗab'i kuma idan ya ga oda tana shigowa a kan littafin da ya fitar da rai da shi, sai ya sake tunani kafin ya daina buga shi.

Mutanen Japan sun nuna iyakar inda maganar mai shago za ta iya kaiwa, ko da yake nasu ba na sadaka ba ne. Tun 2004 suke da lambar yabo da ma'aikatan shagunan littattafai kaɗai ke jefa ƙuri'a a kanta, har da wani sashe na tono tsofaffin littattafan da aka manta. A 2016 kuma wani ma'aikacin shago a garin Morioka ya lulluɓe wani littafin binciken ɗan jarida da bango na musamman, ya ɓoye sunansa da na marubucin, ya cika bangon da rubutun hannu yana roƙon mutane su yarda da shi su saya. Ya san cewa idan aka ga kaurinsa da nauyin batunsa za a wuce shi. Shaguna fiye da 600 suka bi sahunsa kafin a bayyana sunan littafin a ƙarshen shekarar.

Sai batun sadakar. Amfaninta na farko, a ganina, shi ne tana wanke mai shago daga zargi. Duk wanda aka matsa wa da talla yakan tambayi kansa ko wane riba mai tallan ke ci. Idan aka ce ribar wannan littafi za ta tafi ga ɗakin karatun unguwa, ko ga shirin koya wa yara karatu, sai mai saye ya saki jiki, ya kuma ji cewa shi ma yana cikin wasan. Akwai gidauniyoyin da suka dace da irin wannan kuɗi: Binc a Amurka, wadda ke tallafa wa ma'aikatan shagunan littattafai idan rashin lafiya ko wani bala'i ya same su, da Book Aid International a Birtaniya, wadda tun 1954 take aika littattafai zuwa ɗakunan karatu, akasarinsu a Afirka. Amma kada mu manta cewa mai bayarwar nan ba attajiri ba ne. Ragin da yake samu wajen sari bai cika wuce kashi 40 da ɗoriya cikin 100 ba, daga ciki zai biya haya da albashi da wuta, abin da ke saura ɗan kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin rashin adalci ne a bar masa nauyin shi kaɗai, alhali kamfanin ɗab'i ne ke cin moriyar farfaɗowar littafin har bayan an manta da gasar. Ya kamata kamfanin ya sa nasa kason a kan kowane kwafi.

Inda nake da damuwa ta gaske shi ne ƙidayar kanta. Da zarar an ce wanda ya fi yawan kwafi shi ya ci, an buɗe ƙofar da mai shago zai tura littafin ga wanda bai dace da shi ba. Wanda ya zo neman labarin barkwanci aka lallashe shi ya tafi da labarin baƙin ciki saboda ana neman cike adadi, ba zai dawo ya yi faɗa ba, amma gobe idan aka ce masa ga wani littafi mai kyau sai ya yi murmushi ya wuce. Kwafi ɗaya aka samu, aka yi asarar abin da ya raba shagon da Amazon tun farko. Haka kuma shagon da ke tsakiyar Landan ko New York ba sa'an na ƙaramin gari ba ne wajen yawan masu shigowa, don haka ƙidaya tsagwaronta ba ta nuna wanda ya fi iya aikin. Gara a auna da girman cinikin kowane shago, a kuma bar kyautar wanda ya ci ta zama abin dariya, yadda ba wanda zai sayar da amanarsa dominta.

Mu Hausawa gasar rubutu muka sani. An yi ta 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun labaranmu na farko na boko, ga kuma Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Duk suna ƙarfafa mai rubutawa, wanda ke tsakanin littafi da mai karatu kuwa ba a cika tunawa da shi ba. Ina ganin masu sayar da littattafai a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram za su iya gwada irin wannan gasa, su kai abin da aka tara ga ɗakin karatun wata makarantar gwamnati ko gidan marayu. Sai dai matsalarmu ta sha bamban da tasu, domin da yawa daga littattafanmu da aka manta ba kwantai suka yi a kanta ba, babu su ne a kasuwar gaba ɗaya, sai tsohon kwafi a hannun wani malami ko hoton shafuka da ke yawo a WhatsApp ba da izinin mai shi ba. Duk wanda zai shirya irin wannan gasa a wajenmu, sai ya fara zama da marubucin ko magadansa da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin bugawa, a tabbatar akwai kwafin da za a sayar kafin a sa rana.