Kafin a sallami na biyun tauraro, a tuna abin da ya samu Oklahoma

Duk lokacin da wata ƙungiya a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta fara kukan kuɗi, wanda ake fara yi wa kallon sallama shi ne mutum na biyu, wato wanda ke bin bayan tauraro wajen cin maki. Tauraron ba a taɓa shi tunda shi ke sayar da riga da tikiti, ƙananan 'yan wasa kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba, sai manaja ya ce to bari mu rabu da wannan mai tsadar mu kawo mutum uku masu araha. Ni dai a ganina wannan lissafin shi ya fi komai cinye shekarun manyan 'yan wasa a banza, kuma abin yana min ciwo sosai, don shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa ba su da yawa.

Wasan minti 48 ne, kuma babu tauraron da zai yi su duka kullum yana gudu yana tsalle, dole ya zauna a benci ya sha iska. A tsakiyar kaka wannan ba ya damun kowa sosai, yau kuna wasa da wannan gobe da wancan, ba mai lokacin zama ya karance ku. Amma da an shiga wasannin neman kofi labari ya canza, ƙungiya ɗaya za ku yi ta karawa da ita har wasa bakwai in ta kama, kocinsu ba shi da aiki sai kallon bidiyon tauraronku dare da rana, ya san hannun da ya fi so, ya san inda yake juyawa, da ya karɓi ƙwallo mutum biyu sun rufe shi, na uku na jiransa a gindin kwando. Daƙiƙa 24 kawai kuke da ita ku yi jifa. To in ya saki ƙwallon wa zai karɓa ya ƙirƙiro maki da kansa? Nan ne fa aikin na biyu yake. Ko yaran da ke wasa da yamma a filin Rowe Park nan Yaba a Legas sun san wannan, in kuna da gwani ɗaya tal sai a manna masa mutum biyu, sauran a bar su su yi ta jifa suna zubarwa.

Abin da Toronto ta yi wa Giannis Antetokounmpo ke nan a 2019. Ƙungiyarsa Milwaukee na gaba da ci 2 da 0, aka gina masa katangar mutane a gaban kwando, aka cinye su wasa huɗu a jere. Da suka ɗauki kofi a 2021 kowa na tuna maki 50 ɗin da ya ci Phoenix a wasa na shida, kuma ya cancanci a tuna, amma mutane na mantawa cewa ya ji ciwo a gwiwa a karawarsu da Atlanta bai buga wasa biyu na ƙarshe ba, Khris Middleton da Jrue Holiday ne suka kai ƙungiyar fainal yana zaune a gefe. A fainal ɗin ma Middleton ya ci maki 40 a wasa na huɗu. Shi Middleton ɗin nan fa a 2013 suka haɗu da Giannis, shekarar da ƙungiyar ta ci wasa 15 kacal a kaka guda, tare suka sha wannan wuyar. Shekara ta zagayo, 2022, Middleton ya ji ciwo a gwiwa tun zagayen farko, Giannis ya yi iya yinsa shi kaɗai, Boston ta fitar da su a wasa na bakwai.

Haka Nikola Jokic na Denver. Ya zama MVP, wato gwarzon ɗan wasan kaka, a 2021 da 2022, duk lokacin abokin wasansa Jamal Murray na jinyar jijiyar gwiwa, Phoenix ta share su 4 da 0, shekara mai zuwa Golden State ta kore su tun zagayen farko. Murray na dawowa Denver ta ɗauki kofinta na farko a 2023.

Na san abin da za a ce min, don in ana wannan musun a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba bayan an kwana kallon wasa har asuba, wani zai buga tebur ya ce "Malam, Hakeem fa? Ɗan Legas ɗinmu wa ya taimake shi a 1994?" Gaskiya ne kam. Hakeem Olajuwon ya ɗauko wa Houston kofi a 1994 babu wani abokin wasansa da ke cin ko maki 15 a wasa, a shekarar ya haɗa MVP da gwarzon mai tsaron baya da gwarzon fainal. Amma a duba abin da Houston ɗin da kanta ta yi bayan nan. Ba ta zauna ta ce ai Hakeem ya isa ba. A watan Fabrairun 1995 ta ba da Otis Thorpe ta ɗauko Clyde Drexler daga Portland, mutumin da suka yi wasa tare da Hakeem tun a jami'ar Houston. Sun shiga wasannin neman kofi a matsayi na shida, Utah ta kai su bakin rami, saura wasa ɗaya a fitar da su, a daren Drexler ya ci 41 Hakeem ya ci 40. Daga nan suka wuce Phoenix da San Antonio suka share Orlando 4 da 0. Kofi na biyun nan ban ga yadda zai zo ba in ba Drexler. Kuma abin da Hakeem ya yi a 1994 ai saboda ba a saba ganinsa ba ne har yau muke maganarsa, ba tsari ba ne da za ka ɗora ƙungiya a kai.

Michael Jordan ma kansa ya ci Boston maki 63 a 1986 aka yi nasara a kan ƙungiyarsa Chicago, kakar da ta biyo yana cin 37 a kowane wasa aka sake share su a zagayen farko. Scottie Pippen ya zo a 1987, kofuna shidan nan duk da shi aka ɗauka. Kobe Bryant bayan an sayar da Shaquille O'Neal a 2004 ya ci maki 81 a wasa ɗaya a 2006, amma zagayen farko ya gagare shi wucewa sai da Pau Gasol ya zo a 2008.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Oklahoma. A 2012 sun je fainal da Kevin Durant da Russell Westbrook da James Harden, duk yara, babu wanda ya wuce shekara 23. A watan Oktoba, kwanaki kaɗan a fara kaka, suka tura Harden Houston saboda sun kasa daidaitawa kan kwantiragi, 'yan miliyoyi ne tsakaninsu, suna tsoron harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya wuce iyaka. Za ka ce ai har yanzu suna da mutum biyu. To a 2013 Westbrook ya ji ciwo a zagayen farko, Durant ya rage shi kaɗai, Memphis ta tattara su 4 da 1. Direban tirelar da ya ɗauko kayan gwari daga Kano zuwa Mile 12 ya san dalilin da ba a barin na biyunsa a gida, hanyar ta yi tsawo a ce mutum ɗaya zai riƙe sitiyari ba runtsawa. Durant ya bar garin a 2016 ba kofi, Harden ya zama MVP a 2018 da rigar wasu, Oklahoma ba ta sake ganin fainal ba sai 2025.

Ban ce duk mai suna da ka saya ya zama na biyu ba fa. Milwaukee ta ba da Holiday a 2023 ta kawo Damian Lillard, wanda a takarda ya fi shi cin maki nesa ba kusa ba, kowa ya yi murna. An fitar da su a zagayen farko a 2024 da 2025, gaskiya ciwo ya taka rawa sosai don Giannis bai buga karawar 2024 ba, Lillard kuma jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a 2025, amma ƙarshe sai da suka sallame shi alhali suna ci gaba da biyan fiye da dala miliyan 100 da suka rage a kwantiraginsa. Holiday kuwa ya faɗa hannun Boston ya ɗauki kofi a 2024. Shi ya sa nake cewa a riƙe wanda ake da shi, wanda ya yi shekaru yana wasa da tauraron har ya san inda zai tsaya tun kafin a ɗago kai a neme shi, kuma ya yarda ya zama na biyu ba ya gunaguni. Irin wannan fahimtar ba a samunta a wata uku.

Masu kuɗin ma suna da hujja, ban raina ta ba. Yarjejeniyar da aka yi da 'yan wasa a 2023 ta ƙara tsananta hukunci kan ƙungiyoyi masu kashe kuɗi da yawa, abin ya wuce biyan tara kawai, har musayar 'yan wasa ana ɗaure maka hannu, kuma wannan na cikin abin da ya sa Minnesota ta rabu da Karl-Anthony Towns a 2024 watanni kaɗan bayan ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Amma in dole sai an rage, a rage a mutum na shida da na bakwai, waɗannan ana samun madadinsu kowace shekara cikin sabbin yara.

Oklahoma ɗin dai ta ɗauki kofi a 2025 da Shai Gilgeous-Alexander, kuma a wasa na biyar na fainal da Indiana, Jalen Williams ne ya ci maki 40. Ba a yi wata guda da ɗaga kofin ba suka ba shi kwantiragin shekara biyar mafi girma da doka ta yarda, kuma Sam Presti, manajan da ya sayar da Harden a 2012, shi ne dai ya yi wannan cinikin.