Launi da girma ba sa gaya maka wace sarauniya ka kama

Duk lokacin da aka yi ruwa aka ɗauke, sai masu kiwon tururuwa su fara turo mini hotuna. Mutum ya tsinci wata ƙatuwar tururuwa a jikin bango, ya ɗauke ta hoto ɗaya tal daga nesa, hoton ma dishi-dishi, ya ce a faɗa masa wace iri ce. Kafin ka ankara mutum uku sun ba shi suna uku daban, kowa da ƙarfin gwiwarsa. Wannan abu yana ci mini rai, domin sunan da aka ba ta shi ne zai sa ta rayu ko ta mutu.

Ni ma na taɓa yin wannan gaggawar. Na kama wata doguwa, baƙa wuluk, na ce ai Camponotus ce, wani dangi na manyan tururuwa. Na zuba ruwa a kwalbar gwaji, na toshe da auduga, na saka ta, na rufe a duhu, ban ba ta ko ƙwayar abinci ba. Haka ake yi wa Camponotus, don ita tana narkar da naman ƙirjin da ta yi shawagi da shi, ta ciyar da tsutsotsinta har ma'aikatan farko su fito. Bayan mako uku na tarar da ita ta ƙanƙance a kan audugar. Sai da na sa gilashin ƙara girma na ga ɗan matsi a tsakiyar cikinta da kuma ƙari a wutsiya. Ashe 'yar gidan Ponerinae ce, waɗanda sarauniyarsu dole ta fita farauta. Yunwa ce ta kashe ta, kuma da hannuna na kulle ta. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta sosu.

Masana sun bayyana jinsunan tururuwa sama da 13,000, Camponotus kaɗai ta haura 1,000. To, ta yaya "baƙa ce, kuma babba" zai wadatar?

Farko ma ka tabbatar sarauniya ce. Dubi ƙirjinta: ya fi na ma'aikaciya kauri, kuma akwai tabo a gefe inda ta karye fukafukanta bayan barbara. Mai ƙaramin kai da ƙato-ƙaton idanu namiji ne, kwanansa kaɗan ne. Idan kuwa babu siririn ƙugu, eriyar kuma miƙaƙƙiya ce ba ta da gwiwa, to gara ka kama. Wanda kuma ya ce ya tsinci sarauniyar kwarkwasa tana tashi, ya yi kuskure, don ita ba ta da fukafukai tun asali. Mazan ne ke zuwa wurin fitila.

Sai ƙugu, nan ne asirin yake. Ƙulli biyu tsakanin ƙirji da ciki, galibi Myrmicinae ce, gidan su Pheidole da Messor da Crematogaster. Ƙulli ɗaya, sai ka duba wutsiya: 'yar ƙofa zagayayya mai gashi wadda take fesa asid ta nan, Formicinae ke nan. Ka ƙirga gaɓoɓin eriya, ka auna tsawonta da milimita a kan rula, ka ɗauke ta hoto ta gefe, ta sama, da ta fuska. Ka rubuta rana da wuri da lokacin da ta tashi, don kowane jinsi yana da lokacinsa. Da wannan ne za ka iya kwatantawa da hotunan AntWeb, wani shafin intanet na hotunan jinsunan tururuwa.

Akwai kuma masu shigar gidan wasu, irin Lasius umbratus, waɗanda ba za su iya kafa gida ba sai da ma'aikatan wani jinsi. Ka ware irin wannan sarauniya ita kaɗai, ka gama da ita.

Kuma don Allah a daina jin kunyar tsayawa a sunan dangi, irin Camponotus ko Pheidole. Sau da yawa ba a gane ainihin jinsi sai ma'aikata sun fito. Wata sarauniyar Lasius niger ta kusa shekara 29 a hannun mai kiwo, me makonni kaɗan na jira za su rage maka? Wadda ke wurina yanzu, a jikin kwalbarta na rubuta kwanan wata da "Pheidole" da alamar tambaya. Jiya na leƙa na ga ta tattara ƙwayayenta wuri guda a gefen auduga, sai na mayar da murfin a hankali.