Agadas da baƙin da suka daina zuwa

Jama'a, duk lokacin da ake zancen rikici a Nijar sai a kama lissafin sojoji da 'yan siyasa da yuraniyom, amma ba na jin kowa yana lissafin maƙerin azurfa na Agadas da ke zaune bakin shagonsa tun safe har la'asar ba wanda ya taya masa ko zobe ɗaya. Wallahi abin nan yana ci min rai.

Wanda bai san garin ba sai ya ɗauka hamada ce kawai da raƙuma. Agadas fa gari ne na Sarkin Abzin, ga masallacin nan na ƙasa mai doguwar hasumiya, mita 27, tun wajen 1515 yake nan. A da, da zarar sanyi ya kama, daga Nuwamba har Fabrairu, jirage kan sauke Turawa kai tsaye daga Faransa, a kwashe su a motocin kat-kat a nufi duwatsun Abzin, a je Timiya inda lemu ke nuna a tsakiyar duwatsu, a je Dabus a ga raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, daga nan a faɗa hamadar Tenere. Ayari guda ɗaya kaɗai ku duba bakin da yake ciyarwa: direba, ɗan jagora, kuku, makanike, mai raƙumi, mai kawo akuya a yanka da dare, matan da ke ɗinka jakar fata, yaron da ke wanke mota, har mai shayi. Wata huɗu mutum zai yi aiki ya ci shekara da shi.

Tawayen Abzinawa na farko ya taso 1990, baƙi suka ɗauke ƙafa. An yi sulhu 1995, a hankali a hankali suka fara dawowa, mutane suka ci bashi suka sayi motoci, wasu suka mai da gidajen gado masaukin baƙi. Kwatsam a Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai hari Iferwan, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, shi ke nan komai ya tsaya cak. Bindiga ta yi shiru 2009, amma Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, Faransa ta shafa wa yankin jan launi a taswirar da take nuna wa 'yan ƙasarta, kuma da zarar an yi haka kamfanin inshora ba zai yarda ba, kamfanin tafiye-tafiye ba zai saka sunan garinku a takardarsa ba ko da shekara ta wuce ba a ji ƙarar harsashi ba. A Yunin 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, wata ɗaya kacal bayan harin ƙunar baƙin wake a barikin sojan garin. Suna ya zo, masu zuwa gani babu.

To direban da ya san Tenere ciki da bai, ga mota ga iyali, ina zai nufa? Wasu suka koma kai matafiya Libiya, kuma a lokacin ba laifi ba ne, a fili ake lodi. Da Turai ta matsa aka kafa dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge su rana na ci. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado, wasu suka zauna haka nan. An soke dokar a Nuwamban 2023 bayan juyin mulki, amma wanda aka ƙwace wa mota shekara bakwai baya wa zai biya shi? Ni ba na goyon bayan a zubar da 'ya'yan mutane a hamada ƙishirwa ta kashe su, Allah ya kiyaye, sai dai duk mai zagin mutanen Agadas a kan wannan sana'a ya fara tambaya me ya raba su da ta farko.

Kuma ba arewa kaɗai ba ce. Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa ke yawo a gonakin mutane, ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagora, 'yan jagoran wurin suka wayi gari ba aiki. A farkon 2025 kuma aka sace wata 'yar Ostiriya a cikin garin Agadas, matar da ta yi shekaru da yawa tana zaune da mutane lafiya.

Abin da nake gani shi ne mun daɗe muna jiran Bature ya dawo, alhali Bature ko tari aka yi a Bamako sai ya soke tikitinsa na Agadas. Mu fa? Alhazanmu na Kano da Katsina da Maraɗi suna kwashe iyali su tafi Dubai hutu, su kashe miliyoyi, amma ba su taɓa ganin bikin Bianu na Agadas ba, ba su taɓa zuwa Ingal lokacin bikin gishiri a watan Satumba ba, ga shi kuwa a kasuwar Agadas da Hausa ake ciniki, ba ka buƙatar tafinta. Bakano ba ya duba taswirar Faransa kafin ya ɗaura jaka. Abin da zai hana shi zuwa shi ne hanya, don wanda ya bi titin Tawa zuwa Agadas ya san yadda bayansa ya yi, sai yawan shingaye, sai kuma rufe boda irin wanda aka yi daga Agustan 2023 har Maris 2024, da ya hana ko ɗan'uwa zuwa gaisuwar mutuwa balle yawon buɗe ido. Waɗannan ukun a hannun Yamai da Abuja suke, ba sai an jira izinin kowa ba.

Masu otel da masu motocin Agadas su ma sai sun sauko da farashi daidai aljihunmu, a tanadi wurin salla da ɗakunan iyali, a yi talla da Hausa a rediyon Kano da Damagaram. In akwai ɗan Agadas a nan da ke wannan harka, don Allah ya faɗa mana nawa mutum biyar za su kashe a kwana huɗu zuwa Timiya da dawowa.