Mutanen da suka buɗe zaurensu cikin dare

Maganar da wasu ke yi a kan matafiyan nan da motarsu ta mutu tsakanin Potiskum da Damaturu ta ɓata mini rai ƙwarai. Wai mutanen ƙauyen da suka kwashe su, suka ba mata da yara ɗaki, suka shimfiɗa wa maza tabarma a zaure, kuɗi suka hango. Wannan zalunci ne, kuma ba zan yi shiru a kansa ba.

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san abin da faɗuwar rana ke nufi a kanta. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum aƙalla 30 a Auno, wani gari kusa da Maiduguri, matafiya ne da dare ya riske su bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri, da yawansu suna barci a cikin motoci. Matafiyi tsoron kwana ɗaya yake yi ya wuce, amma mazauna bakin wannan titi da tsoron suke kwana suke tashi shekara da shekaru. Baƙon da ya yi musu sallama bayan isha'i ba su san ko wane ne ba, ba su san abin da ke cikin kayansa ba, kuma idan wani abu ya faru su ne za a fara tuhuma. Duk da haka suka buɗe ƙofa, suka dama kunu, da asuba kuma suka tura yaro a babur ya ɗauko bakanike.

Masu cewa ai an ba su wani abu da za a tafi, sai su gaya mini nawa za a biya su su kwantar da baƙin ido kusa da ɗakin 'ya'yansu a irin wannan wuri. Kuɗin man babur bai biya wannan kasadar ba, kuma babu kuɗin da zai biya ta. Masu cewa al'ada ce kawai su ma ban karɓa ba, domin mutane nawa ne suka ajiye al'adar da tsoro ya zo?

Direbobin da suka wuce ba su tsaya ba, ban ga laifinsu ba, don an sha tare mutane da dabarar yin kamar mota ta mutu a hanya. Abin da nake roƙonsu shi ne idan sun isa gari na gaba su sanar da 'yan tasha ko jami'an da ke shinge cewa akwai mota a baya da mata da yara a ciki.